Tambaya da Amsa: Sikirif ɗina yana wuce aikin da bai kammala ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina rubuta sikirif (jerin umarni) da PowerCLI, kayan aikin aika umarni na VMware, domin kwafar kwamfutocin kwaikwayo (virtual machines) guda 20 a kan vCenter, manhajar da ke kula da su, sannan a kunna su. Da na sa -RunAsync don aikin ya yi sauri, sai umarnin kunnawa ya riƙa cewa kwamfutar ba ta nan. Na sa sikirif ɗin ya jira daƙiƙa 60 a tsakani, amma wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ƙi. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lokacin da ka sa -RunAsync, abin da vCenter ke miƙo maka shaida ce kawai cewa ya karɓi aikin, kwafin kuwa yana can yana gudana a bayan fage. Wannan shaida ita ce abin da ya kamata ka riƙe, domin a cikinta ne ake rubuta halin da aikin yake ciki, kuma halin ba ya wuce huɗu: queued idan yana layi, running idan an fara, success idan ya kammala lafiya, error idan ya ci tura.

Jiran daƙiƙa 60 ba zai taɓa warware maka matsalar ba, saboda tsawon lokacin kwafi ya dogara ne da girman faifan da kuma nauyin da ke kan ma'ajiyar bayanai a wannan sa'ar, kuma vCenter yana iya ajiye wasu ayyukan a layi idan sun yi yawa. Ka tara shaidun nan 20 wuri ɗaya, ka miƙa su ga Wait-Task, umarnin da ke jira har su kammala, ko kuma ka riƙa sake tambayar kowace da Get-Task bisa lambarta bayan 'yan daƙiƙu. Hanya ta biyu na fi so, domin tana ba ka damar sa iyakar jira, ka kuma karanta dalilin da aka rubuta idan aiki ya faɗi, maimakon ka ci gaba a makance. Sake tambayar wajibi ne, domin shaidar da ke hannunka tana nuna halin lokacin da aka ba ka ita ne kurum. 

Akwai tarkon da ya kamata ka sani tun yanzu: jerin ayyukan baya-bayan nan na vCenter ba ya riƙe aikin da ya kammala fiye da kimanin minti 10. Idan sikirif ɗinka ya makara wajen tambaya, zai tarar aikin ya ɓace daga jerin, don haka ka ajiye sakamakon kowane aiki da zarar ya fito.

Sannan idan aikin kunnawa ya nuna success, ma'anarsa an kunna kwamfutar ne, manhajar da ke cikinta kuwa tana iya kasancewa ba ta gama tashi ba. Kafin ka aika mata wani umarni, ka jira VMware Tools, manhajar taimako da ake sakawa a cikin kwamfutar, ya nuna yana aiki. Idan kuma ka ga aiki ya tsaya cak a kan running, ka duba ko kwamfutar tana jiran amsa ne, kamar tambayar nan ta ko an matsar da ita ne ko kwafarta aka yi; Get-VMQuestion zai nuna maka.