Alhaji, kafin ka sayi eriya a fara hawa rufi a duba

Wani ɗan kasuwa ya turo tambaya, yana da babban shago da sito biyu, ɗaya kilomita 4 ɗayan wajen kilomita 10, kowanne yana biyan kuɗin intanet daban duk wata. Yana so ya haɗa su da rediyon wayales saboda kyamarori da lissafin kaya, wai zai fitar da kuɗinsa kuwa?

To Alhaji, zai iya fitarwa, amma da sharaɗi. Irin waɗannan rediyo na 5GHz, na kamfanoni su Ubiquiti da MikroTik, sai eriya tana hangen 'yar uwarta suke aiki da kyau, kuma hangen ma bai isa ba, siginar tana buɗewa a tsakiyar hanya, a kilomita 10 kana buƙatar sarari kamar mita 7 tsakanin layin hangen eriyoyin biyu da kan bishiya ko bene mafi tsawo. Nan fa kuɗi ke tafiya. Rediyon sau da yawa shi ne mai araha, hasumiya da sola da batir da kariyar tsawa su ke cin jari, kuma wasu masu sakawa sai aiki ya yi nisa suke faɗa maka.

Sai tsarin haɗin. Idan shagon yana hangen sitocin duka biyu, kowanne ya haɗu da shago kai tsaye, shi ne zaɓina. Za a iya ce maka a bi ta sito na kusa a miƙa wa na nesa don a rage tsayin hasumiya, eh yana rage kuɗi, amma ranar da batirin na tsakiya ya mutu duka biyun sun tafi. In dole sai hakan, ka zuba kuɗi a wutar na tsakiyan, kar ka yi rowa a nan.

Lissafin kuma ba wuya. Haɗa kuɗin kaya da na aiki da na gyaran shekara, ka raba da abin da za ka daina biya duk wata, in ya dawo cikin shekara 2 ni dai zan shiga. Ka ƙirga kyamarori ma don ka san saurin da kake buƙata, kowace mai hoto tangaran tana jan data kamar megabit 2 zuwa 4 a daƙiƙa.

In babu hange ko kaɗan, ka gwada farashin Starlink, wato intanet ta tauraron ɗan adam, ko layin 4G a sito na nesa kafin ka gina doguwar hasumiya. Kuma kar ka biya cikon kuɗin aiki sai an gwada saurin a gabanka, an rubuta a takarda wa zai zo in ya lalace.