Saukowa Daga Kan Rufi Idan Rana Ta Take

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce mutumin da kuke yi wa rufin kwano a Samaru yana kiran ku ragwaye don kuna saukowa da tsakar rana, kana so ka san ko al'adar magina ce da gaske.

Al'ada ce, haka muka taras. A Zariya aikin rufi ya fi yawa da bazara, Maris da Afrilu, don kowa yana tsoron ruwan fari ya same shi da soro a buɗe. Sa'ad da nake yaron magini a cikin birni, da an sallame Asuba muke hawa. A jera azara, a shimfiɗa zana, a riƙa miƙo ƙasa curi-curi, daga baya a bi da makuba, a gyara bakin indararo. Kafin Azahar ubangidanmu zai ce kowa ƙasa, sai bayan La'asar. Mai gida kuwa ba a roƙonsa, da kansa yake aiko ruwan randa da kunun tsamiya zaure. Haka na ga ana yi har a unguwar Babban Gwani, gidan wanda ya gina Masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarimu, kuma ba mai cewa waɗannan ragwaye ne.

Naku ma ya fi namu wuya. Ɗanyar ƙasa tana da sanyi a ƙafa, kwano kuwa yana gasa ka ta ƙasa rana tana dukan ka ta sama, ga ƙyalli a ido, ƙusa ma ba ta taɓuwa.

Bayan na koma aikin kwano, wani ɗan kwangila ya matsa mu gama a yini ɗaya. Abokin aikina gumi ya ɗauke masa, ya fara magana ba kai ba gindi, guduma ta suɓuce, shi ma ya bi ta. Ƙugunsa ya karye, bai sake hawa tsani ba. Har yau abin yana ci mini rai, don na ga alamar ban ce komai ba.

Saboda haka ka sha ruwa tun ba ka ji ƙishi ba, ka sa malfa. In ka ji jiri, ko fitsarinka ya yi ja, zauna ka sauko a hankali, kada ka jira izinin kowa. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan shigo Samaru in ga ubangidanka, shi ya kamata ya yi wa mai gidan bayani. Ka gaida mahaifiyarka.