Ƙaramin tauraro mai sanyi da siginar rediyo

Malam, ka tambaya yadda tauraro mai sanyi, wanda da ƙyar yake haske, ke fitar da siginar rediyo mai ƙarfi.

Maganaɗisu ne sila. Masana ma sun sha mamaki a 2001, da aka sanar na'urar VLA ta Amurka, mai sauraron siginar rediyo daga sararin samaniya, ta kama sigina daga wani irin wannan tauraro mai suna LP 944-20. Ƙwayoyin lantarki ne ke kewaya layukan maganaɗisun tauraron suna fitar da siginar, kamar yadda ake gani a duniyar Jupita. Wani tauraron kuwa, mai suna TVLM 513-46546, siginarsa na bugowa kusan duk awa 2, daidai da juyawarsa. Maganaɗisunsa ya kai gaus 3000 (gaus ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), na duniyarmu ko 1 bai kai ba!

Kada ka ɗauka saƙon wasu halittu ne, rediyon gida kuma ba ya kamawa. In bincike kake yi, nemi masanin taurari ya duba maka alƙaluman.