Kamfani ya rubuta Legas a yarjejeniya, gida kuwa yana Kaduna

Wani mai karatu daga Kano ya aiko da tambaya cewa yana shirin sayen gida a Kaduna daga wani kamfanin gine-gine mai hedkwata a Legas, zai riƙa biya kashi-kashi, amma ya ga an rubuta a yarjejeniyar cewa duk saɓanin da ya taso a Legas za a warware shi. Ya ce, shin ya sa hannu?

Malam, kada ka sa hannu tukuna, domin wannan sharaɗi yana da inda yake aiki da inda ba ya aiki. Idan rigimar ta shafi mallakar filin ce, wato wa ke da shi, to Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta riga ta raba gardama: sashe na 39 ya ba Babbar Kotun jiha kaɗai hurumin sauraren ƙara a kan filin da gwamna ya ba da izinin mallakarsa, kuma kotun jihar da filin yake ake nufi. Doka ce ke ba kotu hurumi, saboda haka amincewarku ku biyu ba za ta ɗauke shari'ar filin Kaduna ta kai ta Legas ba.

Sai dai yawancin rigimar mai saye da kamfani ba ta mallaka ba ce, ta kuɗi ce: an karɓi kuɗinka, wa'adi ya wuce, gini bai kammala ba, kana neman a mayar maka da haƙƙinka. A irin wannan ƙara kotu takan girmama abin da kuka rattaba wa hannu, musamman da yake kamfanin a Legas yake zaune, kuma a nan ne abin yake damuna, domin kuɗin jirgi da masauki da na lauya a kowane zama sun isa su sa talaka ya haƙura da dukiyarsa.

Ka kuma duba ko an ce kotu ce ko kuwa masu sasanci, wato mutanen da ake zaɓa su yanke hukunci a wajen kotu. Idan sasanci ne, Dokar Sasanci da Sulhu ta 2023 ta wajabta wa kotu ta mayar da ku gare su muddin kamfanin ya nemi haka a kan kari, ku ne za ku biya ladansu, kuma hukuncinsu yana da wuyar rushewa. Shawarata ita ce ka sa lauyanka ya nemi a canza wurin zuwa Kaduna kafin ka biya ko sisi, ka kuma bincika fayil ɗin filin a KADGIS, hukumar da ke kula da rajistar filaye a jihar Kaduna.

Wata baiwar Allah kuma ta ce ta sayi gona mai takardar ƙaramar hukuma, an rubuta cewa dagaci ne zai sasanta su idan an saɓa. Hajiya, ki fara da dagacin, tun da haka kuka amince, kuma ya fi kowa sanin iyakokin gonakin. Idan abin ya gagara, sashe na 41 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba kotun yanki hurumi a kan irin wannan fili, sannan Kotun Ƙoli ta tabbatar a shekarar 2000 cewa Babbar Kotu ma tana iya sauraren ƙarar.