Miskili, Mai Kawaici da Mai Shiru-Shiru: Amsoshin Tambayoyinku

Wata baiwar Allah daga unguwar Zariya ta nan Maraɗi, wadda ta ce a sakaya sunanta, ta aiko da wannan:

"Allah ya gafarta Malam. Matan asusunmu sun zaɓe ni shugaba. Ni kuwa tun ina ƙarama ba ni da yawan magana, taro yana gajiyar da ni, in an je biki ni ce ta farko wajen neman takalmi. Wata daga cikinmu ta ce miskila ba ta iya riƙe jama'a. Wata ta kare ni, ta ce ba miskilanci ba ne, kawaici ne. Mine ne bambancinsu, kuma wanne ne nawa?"

Ɗiyata, da wadda ta soke ki da wadda ta kare ki, a ganina duk ba su faɗi sunan abinki ba.

Miskili aro ne daga Larabci, daga mushkil, wato abu mai wuyar warwarewa. Uwarsu ɗaya da mushkila da muke faɗa in al'amari ya cuɗe. Ba da ƙarancin magana kaɗai ake zama miskili ba. Sai shirun mutum ya zama wahala ga na kusa da shi. A gaishe shi ya amsa can cikin maƙoshi, a tambaye shi abin da yake so ya ƙi faɗa, a yi masa wanda ba ya so ya kumbura. Shi ya sa aka ce miskili ka fi mahaukaci ban haushi. Mahaukaci yana da uzuri, shi kuwa wannan da hankalinsa ya bar mutane suna lalube.

Kawaici yana can wani gefe. Tsofaffi kan ce wa yaro "yi kawai", suna nufin ya yi shiru, kamar yadda ake cewa "yi kurum". Mai kawaici ya gani, ya sani, maganar tana bakinsa, ya haɗiye ta don kada wani ya ji kunya, ko kumya a bakinmu na nan. Uwar miji ta ga tuwon amarya ya yi gudaji, ta ci ta sa albarka, ba ta ce uffan ba: wannan kawaici ne. Kin ga ke nan kawaici aiki ne da mutum yake yi a kan wani abu da ya faru. Ke kuwa abin da kika kwatanta ba ya jiran wani abu ya faru. Ko kowa ya kyautata miki, in taro ya daɗe sai kin ji kina son ɗakinki. Wannan Hausa ba ta ɗora masa laifi ba, ba ta kuma ba shi lambar yabo ba. Cewa take yi wance shiru-shiru ce, ba ta da hayaniya, ba ta da kwaramniya. Halitta ce, kamar tsawo da gajarta.

Akwai karin maganar da ake yawan jawowa a nan: shiru-shiru ba tsoro ba ne, gudun magana ne. A lura, "magana" a nan ba zance take nufi ba, rigima take nufi, irin wadda ake cewa wane ya jawo mana magana.

Sauran batun riƙon jama'a. Wadda ta ce sai mai baki ke shugabanci, ta je fadar Sarkin Katsinan Maraɗi ko ta Sarkin Gobir a Tsibiri ta zauna ta kirga kalmomin da ke fita daga bakin mai sarauta. Amawali ya rufe bakin ma tukuna. Talaka ya faɗi ya yi gaisuwa, ba sarki ke amsawa ba, dogarai ke cewa "Sarki ya gaishe ka." Ɗaga murya aikin sanƙira ne da maroƙa da mai shela. Tun bayan da sarautar Katsina ta tsohon gida ta kafu a nan wajajen 1819 a hannun Ɗan Kasawa, an raba nauyi tsakanin rukuni huɗu masu zaɓen sarki: Galadima, Kaura, Durɓi da Ƴandaka. A wancan zamani Kaura ke gaban yaƙi, Galadima ke tsare gari. Ba a taɓa neman mutum ɗaya ya haɗa komai ba. Ko Annabi Musa (AS), da aka aike shi wurin Fir'auna, roƙo ya yi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna saboda ya fi shi fasahar harshe. Yana nan cikin Suratul Ƙasas. Wannan bai sa manzancin ya tashi daga kansa ba.

Tsarin asusun da kuke bi ma haka aka gina shi. Mata Masu Dubara a jihar nan ta Maraɗi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, kuma ƙarfinsa a rabon aiki yake: mai ajiye akwati daban, masu makulli daban, masu ƙirga kuɗi a gaban kowa daban. Cikin matan nan naku ba za a rasa mai muryar da ke tsai da surutu ba. Ki ba ta wannan aikin, ki gode mata a bainar jama'a. Abin da ya rage miki shi ne wanda ya sa suka zaɓe ki, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba. Matar da ta ci bashi don mijinta na kwance ba ta son labarin ya riga ta isa kasuwa, kuma ta san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Babba juji ne, aka ce. Mai yawan magana kuwa juji ne da iska ke kwashewa ta watsa cikin unguwa.

Inda nake ji miki tsoro shi ne kawaicin da waccan ta yabe ki da shi. Kawaici a kan tuwon amarya mutunci ne. Kawaici a kan kuɗin mutane cin amana ne da aka yi wa ado. Ranar da wata ta sha tsallake zubi, ko ta ci bashi wa'adi ya wuce tana kawo uzuri kala-kala, in kika kau da kai kin zalunci sauran, kuma kunyar marar kunya asara ce. Ba sai kin yi tsawa ba. Ki same ta a gida ku biyu, wanda dama nan ne irinku suka fi ƙarfi, ki faɗa mata ranar da za a yi maganar a gaban taro in ba ta biya ba, ranar kuma ki yi ta. Muddin matan nan sun san inda kika tsaya a kan kowace magana, ba mai sake kiranki miskila, ko da jimla biyar kike yi a zama.

Tambaya ta biyu daga wani magidanci ce a Madarunfa. Ya ce ya daɗe yana kabu-kabu, ƙugu ya fara ciwo, yana so ya koma sayar da kayan gyaran babur. Da ya faɗa a fadarsu ana shan shayi, sai aka yi masa dariya: kai da ba ka iya ciniki ba, ba ka iya jan mutane da zance ba, hali zanen dutse ne. "Malam, in hali ba ya kankaruwa, ashe mutum ba ya sake rayuwa ke nan?"

Malam, abokan shayinka sun ɗauki karin magana mai kyau sun ɗora ta inda ba wurinta ba. Kalmar hali ita ma daga Larabci muka samo ta, kuma abin mamaki, can gidansu ma'anarta yanayin da ke jujjuyawa. Ba mu yar da wannan ma'anar ba: muna cewa halin da ake ciki, halin rayuwa, in da hali zan zo. Duk waɗannan masu sauyawa ne. Wadda asalinta ke nufin abin da aka buga aka dasa ita ce ɗabi'a, ƴar'uwar ɗab'i da maɗaba'a. Mu kuma muka juya su, muka ce hali ne zanen dutse, ɗabi'a kuwa a gyara ta da tarbiyya. Haka harshe yake yi da kayan aro.

Ana faɗin "hali zanen dutse" a kan abin da mutum yake komawa gare shi in an matsa shi: rowa, kyauta, zafin zuciya, riƙon amana. Ban taɓa jin an faɗe ta a kan sana'a ba sai a bakin mai son kashe wa wani gwiwa. Yawancin abin da mutane ke kira halinsu sabo ne, shi kuwa an riga an ce sabo turken wawa. Dubi Alhazan garin nan na Maraɗi. Da gyaɗa da yawansu suka tashi. Farin shekarun 1973 da 1974 da ciwon shuka da ya biyo baya suka karya gyaɗar, sai suka juya ga fataucin kaya tsakaninmu da Najeriya, atamfa da taba da sauransu. Hajar ta sake, mutanen ba su sake ba. Garin kansa ba a nan yake ba. Cikin fadama yake, sai da ambaliyar gulbi ta 1945 ta ci shi aka hau tudu aka sake gini.

Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ka ari bakin wani. In ka ce sai ka zama irin ɗan kasuwar nan mai kiran kowa "Alhajina" tun daga nesa, kwana kaɗan za ka gaji, masu saye kuma su ji ƙarya a muryarka. Zanen aro ba ya rufe katara. Kana da abin da mai zaƙin baki ba shi da shi. Ka san wace taya ke jure yashi, wace sarƙa ke tsinkewa kafin wata biyu, kuma ƴan kabu-kabun da za su saya abokan aikinka ne. Ka faɗi kuɗi ɗaya ka tsaya a kai, in kaya na jabu ne ka ce na jabu ne. Wannan ciniki ba ya bukatar surutu. Abin da za ka koya sabo shi ne lissafi da hana bashi, kuma na biyun ya fi wuya ga mai jin nauyin mutane.

Wani ɗalibi da ya gama jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, yanzu yana aiki a wata ƙungiya, ya rubuto cewa shi ke haɗa rahoto, wani ke tashi ya karanta a taro ya sha tafi. Mahaifinsa ya tarbiyyantar da shi a kan yabon kai jahilci ne. Yana tambaya ko akwai karin maganar da ta halatta wa mutum ya nuna kansa.

Akwai, ɗana: ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma maganar mahaifinka ba ta ci karo da ita ba. Al'ummar da ta ce yabon kai jahilci ita ce dai ta ƙago kirari. Ɗan kokawa yana shiga fili ya ɗaga hannu ya faɗi ko shi wane ne da ƙarfin murya, ba wanda ke ce masa jahili, tun daga zamanin su Kantu na Maraɗi da ya ɗauki takobin farko na gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975 har zuwa yau. Dalili kuwa kirarin yana da fili, yana da lokaci, kuma yana gamawa za a kama shi a gwada. Yabon da aka kira jahilci shi ne wanda ba a tambaya ba, ba kuma kokawar da ke biye da shi.

Kai ma ba kirari ake nema gare ka ba. "Ni gwani ne" yabo ne. "Ni na haɗa wannan rahoto, ga inda na samo alƙaluman" labari ne, kuma gaskiya ce. Ka sa sunanka a shafin farko. Ka riƙa aika wa shugabanka aikin kai tsaye kafin ranar taro. Tunda magana ba ta zo maka nan take, ka rubuta jimla biyu ko uku tun da dare, ka faɗe su da wuri kafin masu baki su cika ɗakin, domin a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. In an yi tambaya a kan alƙaluman, kada ka tsaya jiran mai karantawa ya gama inda-inda don kana jin nauyinsa. Ka ce "in an ba ni dama" ka amsa. Hadisin da aka karanta mana a Arba'una cewa ya yi mai imani ya faɗi alheri ko ya yi shiru. Mutane sun riƙe rabin ƙarshe sun manta faɗin alherin aka fara ambata. Nana A'isha (RA) kuma ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba.

Ta ƙarshe gajera ce. Wani mai adaidaita daga Sabon Gari ya ce shi ma ba mai magana ba ne, yana so ya rubuta "Lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi" a bayan kekensa, ko ta dace?

Kada ka soma. Wutar ƙaiƙayi daga sama toka ce, a ƙasa tana ci, sai wanda ya taka ya sani. Ana faɗa wa mai fuska salihai da mugunta a ɓoye, ba yabo ba ne ko kaɗan, kuma ba uwar da za ta sa ɗiyarta cikin keken da ya yi wa kansa wannan shaida. In dai sai ka rubuta wani abu, ka tambayi mai fenti kuɗin "Damo sarkin haƙuri". Haruffansa ma sun fi kaɗan, zai rage maka ko dala ashirin ce.