Wace na'urar GPS za mu saya don taswirar unguwarmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu matasa ne goma sha biyu a wata unguwa a Haɗeja. Duk damina ruwa sai ya yi mana ɓarna, shi ya sa muka ƙudiri aniyar sa magudanan ruwa, kwalbatoci da rijiyoyin burtsatsen unguwarmu a taswirar OpenStreetMap, wato taswirar intanet ta kyauta da kowa zai iya ƙara mata bayani, aikin sa kai. Mun yi karo-karo mun tara 'yan kuɗi. Wace na'urar GPS, mai nuna wa mutum inda yake a doron ƙasa, ta dace mu saya?
Ƙanwarka daga Haɗeja

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa albarka. Ki faɗa wa 'yan'uwanki kada a taɓa kuɗin nan tukuna, domin na'urar tana aljihunku. Wayar Android ta yanzu tana jin taurarin ɗan'adam na GPS na Amurka, galibi har da GLONASS na Rasha, Galileo na Turai da BeiDou na Sin. Ba ta bukatar data ko sabis kafin ta gane inda take. A fili, kuskurenta bai cika wuce mita 5 ba, kuma wannan ya isa a gane rijiya ko kwalbati. Ku sauke manhajar OsmAnd ko OSMTracker, su ajiye muku sawun tafiyarku a fayil na GPX, irin wanda ake ɗorawa a OpenStreetMap.

Inda waya ke kasawa shi ne batir da zafi. Na taɓa fita irin wannan aiki a watan Afrilu, kafin azahar wayata ta ɗau zafi ta mutu, rabin ƙauye ban zagaya ba. Tun daga ranar ba na fita sai da fawa banki, wayar kuma a inuwar hula. To, idan aikinku zai kai ku ƙauyukan fadama inda babu wurin caji, a nan ne na'ura ta musamman take da rana. Ku sayi ɗaya, ko biyu in kuɗin sun kai, ku riƙa karɓa-karɓa. Ni Garmin eTrex 10 na sani: batir biyu na AA, irin na tocila da ake samu a kowane kanti, suna kai ta kusan awa 25, ruwan sama ba ya ɓata ta, kuma fuskarta tana karantuwa a tsakar rana. Idan ta hannu ce, a kunna ta a gabanki a fili, a ga ta kama taurari, a kuma gwada kwashe fayil zuwa kwamfuta kafin a biya.

Sai dai ko wace iri kuka riƙe, lungu zai ba ku wahala. Na'ura tana bukatar taurari huɗu aƙalla, kuma saƙon yana tahowa ne daga nisan kilomita dubu 20 da ɗoriya, ya iso da rauni. Katanga da rufin kwano sai su karkatar da shi, ki ga sawunki ya haura gidan mutane. Maganinsa haƙuri: a tsaya minti ɗaya a bakin kowace rijiya kafin a danna a ajiye wurin, a bi magudana zuwa da dawowa, sannan a daidaita sawun da hoton unguwar da aka ɗauka daga sama.

Kada ku kwafi komai daga taswirar Google, dokar OpenStreetMap ta hana. Sunan lungu kuwa a bakin dattawa za ku ji shi, don haka ku fara da gaishe da mai unguwa, ya haɗa ku da wanda zai raka ku.