Ina so in ba mai ɗakina kyautar ƙaramar bindiga, me doka ta ce?

Tambaya: Barista, ni ɗan kasuwar hatsi ne, sana'ata ba ta bari na kwana gida kullum. Gidana yana bayan gari, kuma an sha shiga unguwannin da ke kusa da mu ana ɗaukar mutane. Ina da bindigar farauta mai baki biyu wadda na yi wa lasisi tun da daɗewa, amma ta yi wa mai ɗakina nauyi. Shi ne nake so in saya mata ƙarama, fistol ko libarba, a matsayin kyauta, ta riƙa ajiyewa kusa da ita idan ba na nan. Wani abokina ya ce zai iya samo mini. Wacce ta fi dacewa da mace, kuma yaya zan yi in mayar da ita da sunanta?

Amsa: Malam, Allah ya tsare mana iyalanmu. Na fahimci abin da ke ranka, kuma ba zan raina tsoron da ke hana ka barci a masauki ba. Amma tambayarka ta farko ba ta da amsa a Najeriya, domin babu fistol ko libarbar da za ka iya zaɓa ka saya a halatta. Ranar da ka miƙa wa uwargida wannan kyauta, ranar ka ɗora mata laifin da mafi ƙarancin hukuncinsa ɗaurin shekara goma ne.

Dokar da ke kula da wannan al'amari ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau take aiki a cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Ta kasa bindigogi gida uku. Kashin farko su ne haramtattu: igwa, gurneti, bama-bamai, bindigogi masu sarrafa kansu, da bindigogin soja. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, a cikin wannan jerin ne aka sa fistol da libarba kowace iri. Wato a idon doka, 'yar bindigar da za ta shige jakar hannun mace ajinsu ɗaya da AK-47. Sashe na 3 ya ce ba wanda zai riƙe irin wannan sai da lasisin da Shugaban Ƙasa ya bayar bisa ganin damarsa. Ba DPO ba, ba kwamishinan 'yan sanda ba, ba gwamna ba, har Sufeto Janar ba huruminsa ba ne.

Kashi na biyu shi ne inda bindigarka mai baki biyu ta faɗo, tare da sauran bindigogin farauta da na iska, kuma lasisinsu daga ofishin Sufeto Janar yake fitowa. Na uku su ne waɗanda ake ɗurawa ta baki, irin su adaka da bindigar toka, waɗanda kwamishinan 'yan sandan jiha ke kula da su. Kada wani ya ruɗe ka da cewa ƙirar gida ce, ta maƙera, don haka ta shiga sahun adaka. Dokar ta rufe wannan ƙofa: in dai fistol ce, ko ta masana'antar Turai ko ta bakin maƙera, haramtacciya ce.

Dalilin tsananin ba ɓoyayye ba ne. Doguwar bindiga kowa na ganin ta a kafaɗar mai ita. Ƙaramar kuwa ana soke ta a ƙugu a shiga kasuwa, a shiga masallaci, a hau mota, ba wanda ya sani.

Ga abin da zai faru idan aka same ta a ɗakin matarka. Mai gabatar da ƙara abu uku kawai yake bukatar nunawa, kamar yadda Kotun Ƙoli ta sha maimaitawa: an sami bindiga a hannun wanda ake tuhuma ko a ƙarƙashin ikonsa, abin da aka samu bindiga ce bisa ma'anar doka, kuma ba shi da lasisi. Shi ke nan. Ba sai an nuna ta yi niyyar cutar da wani ba, ba sai ta taɓa harbawa ba. Cewa kyauta ce daga mijinta ba kariya ba ce, hasali ma shaida ce da za ta jawo ka cikin tuhumar, domin kai ka samo, kai ka miƙa, kuma gidan naka ne. Sashe na 27 na dokar ya ɗora shekara goma a matsayin mafi ƙaranci. Akwai kuma wata dokar, ta fashi da makami da bindigogi da aka kafa zamanin soja a 1984, wadda sashenta na 3 ya tanadi tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko duka biyun. Masu gabatar da ƙara ne ke zaɓen wadda za su yi tuhuma da ita, ba kai ba, don haka kada wannan tarar ta sa ka ga abin da sauƙi. Harsasan ma laifi ne mai zaman kansa.

Sannan ka dubi abokin nan naka da kyau. Dillalin makamai mai rajista ba zai sayar maka da fistol ba. Duk wadda za a "samo" maka, ko ta shigo ta ɓarauniyar hanya, ko an sace ta daga ma'ajiyar gwamnati, ko an ƙwace ta daga gawar wani jami'i. Ba ka san abin da aka aikata da ita kafin ta iso hannunka ba. Idan binciken masana ya haɗa ta da wani kisa ko fashi, to matarka ce za ta zauna gaban masu bincike tana bayanin abin da ba ta san farkonsa ba. Kuma idan aka kama mai safarar, lambobin wayar abokan cinikinsa ake fara bi. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan.

Na san inda wannan tunani yake shigo wa mutane da yawa: bidiyoyin Amurka da ake gani a YouTube da TikTok, miji ya naɗe fistol a kwali ya miƙa wa matarsa. Can tsarin mulkinsu ne ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami, kuma Kotun Ƙolinsu ta tabbatar da hakan a shari'ar Heller a 2008. Duk da haka ko a can ba sakaka ake yi ba. Mai saye daga dillali mai lasisi yana cike takarda ana bincikar tarihinsa, ba a yarda a ba wanda doka ta haramta wa riƙe bindiga kyautarta ba, kuma wanda ya karɓi kuɗin wani ya saya masa da sunansa ya yi laifin tarayya. Namu kundin tsarin mulkin na 1999 ba shi da irin wannan 'yanci ko kaɗan. Ya ma sa makamai da albarusai a jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka. Shi ya sa a watan Yunin 2022, da gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'ar Zamfara su nemi bindigogi su kare kansu, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Duk yadda ka ji game da maganarsa, a shari'ance ya yi daidai.

Yanzu mu koma kan mai baki biyun da ke hannunka, domin a nan ma akwai tarko. Lasisi na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya, da sunansa da lambar bindigar. Aure ba ya faɗaɗa shi. Idan ka yi tafiya ka bar wa uwargida ita da harsasai ka ce ta yi amfani da ita, ita ta zama mai riƙe bindiga ba lasisi, wanda hukuncinsa kan kai shekara biyar, kai kuma ka miƙa makami ga wanda bai nuna lasisi ba, sannan ka saɓa wa wajibcin adana ta. Dubi yadda dokar ta ɗauki abin da tsanani: ko mai lasisi ya rasu, magajin da bindigar ta faɗa hannunsa kwana goma sha huɗu kawai aka ba shi ya riƙe ta. In gado bai mayar da lasisi ba, kyauta ba za ta mayar ba. Masu fiƙihu za su ce maka kyautar miji ga matarsa tabbatacciya ce, ba a janye ta, kuma gaskiya ne a kan gona ko gida ko zinari. A kan wannan kuwa kotu ƙwace ta za ta yi, ba a tambayi ko ta wa ce ba.

Ka kuma duba takardarka ka ga yaushe rabonka da sabunta ta. "Tun da daɗewa" da ka ce ya ɗan tsaya mini a rai. Lasisin da wa'adinsa ya ƙare ba ya kare kowa a shingen bincike.

Hanyar halal ɗaya ce idan kuna son ita ma ta riƙe makami: ta nema da kanta, da sunanta, na bindigar kashi na biyu, ta hannun rundunar 'yan sandan jiharku zuwa hedikwata a Abuja. Dokar ba ta bambanta mace da namiji ba. Sharuɗɗanta su ne mai nema ya kai shekara goma sha bakwai, yana da cikakken hankali da lafiyar gani, ba mashayi ko mai saurin hasala ba, kuma ba a same shi da laifin tashin hankali ba cikin shekara biyar da suka wuce. Amma zan gaya maka gaskiya don kada ka kashe kuɗi a banza. Dokar ta ce lasisi ba haƙƙin kowa ba ne, hukuma na iya hanawa ba tare da ta faɗi dalili ba, kuma ƙorafi sai dai a rubuta wa Shugaban Ƙasa, wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Bugu da ƙari, a 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya bayyana cewa an dakatar da bayar da sababbin lasisi saboda yawan makamai a hannun jama'a. Tun 2018 ma, zamanin Sufeto Janar Ibrahim Idris, rundunar ta sa irin bindigar da ake ce wa fam-akshin a cikin waɗanda take tattarawa. Don haka kafin ku cike kowace takarda, lauyanku ya rubuta wa kwamishina ya nemi matsayin da ake kai a rubuce. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya fito maka da lasisi ta bayan fage, takardar bogi zai kawo maka, ita kuma wata tuhumar ce a kan ta farko.

Wani zai ce, to ina haƙƙin kare kai? Yana nan. Sashe na 33 na tsarin mulki ya yarda mutum ya yi amfani da ƙarfi daidai gwargwado don kare rai ko dukiya, dokar Final Kod da muke aiki da ita a Arewa ma ta tanadi haka. Matar da aka haura mata gida da dare tana da ikon kare kanta da 'ya'yanta da duk abin da hannunta ya kai. Sai dai tuhuma biyu ce daban. Alƙali na iya wanke ta daga laifin kisa saboda kare kai, sannan a zama ɗaya ya ɗaure ta saboda bindigar da ta yi karewar da ita.

Ban da doka ma, ina da ra'ayi a nan, kuma nawa ne. A wasiƙarka ban ga inda ka ce ita ta nema ba. Masu garkuwa ba ɗaiɗai suke zuwa ba, kuma da manyan bindigogi suke tafe. Fistol a hannun wadda ba ta taɓa harbi ba, cikin duhu, yara na kuka, ta fi kusa da jawo a buɗe mata wuta fiye da ta kore su. Sauran ranakun shekara kuwa, da ba wanda ya zo, tana nan a gidan da yara ke bincike ƙarƙashin katifa. Ka zauna da ita ka ji me take so. Wataƙila abin da za ta ce shi ne a koma cikin gari, ko ta riƙa kwana gidan iyayenta idan ka yi tafiya, ko wani ƙaninka ya dawo gidan da zama.

Kuɗin da ka ware kuma suna da wurin zuwa wanda ba zai kai kowa kurkuku ba: ƙofar ƙarfe mai sakata ta ciki, ɗaki guda da aka ƙarfafa wanda za su shige su kulle, fitilun sola a kewayen katanga, jiniya da maƙwabta suka san ma'anarta, da waya ta biyu da ke cike da caji a ɗakin. In za ka ɗauki mai gadi daga kamfani, ka tabbata kamfanin na da rajistar hukumar sibil difens, kuma ka sani dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta hana masu gadin kamfani riƙe bindiga. Ku haɗa kai da mai unguwa da DPO a kan sintirin dare. Idan jiharku na da dakarun tsaron al'umma na gwamnati, irin waɗanda Katsina ta ƙaddamar a 2023 da Askarawan Zamfara a 2024, ku rubuta a hukumance ku nemi a sa unguwarku a cikin zagayensu.

In kuwa abokin naka ya riga ya kawo ta, kada ka sa ta a mota da niyyar kai wa 'yan sanda, domin in aka tare ka a hanya ba wanda zai saurari niyyarka. Kada kuma ka mayar masa, ko ka jefa ta rijiya. Ka kulle ta inda yara ba sa kaiwa, ka ga lauya a ranar, ya rubuta wa kwamishinan 'yan sanda ko cibiyar ƙasa mai kula da ƙananan makamai da ke ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, a tsara yadda za su zo su karɓa a ba ka takardar shaida. Miƙawa da kanka ba ta goge laifin a rubuce, amma tana da nauyi ƙwarai wajen shawarar ko za a gurfanar da kai, kuma tana fitar da matarka daga maganar gaba ɗaya.